Gwiwar Ƙarfe a Ƙofar Ɗakin Inna

Tambaya ɗaya tak na yi wa likitan da ya sauya mini gwiwa a Masar, ita ma bai fahimce ta ba. Ranar da za a sallame ni na ce da tafinta ya tambaye shi ko zan iya durƙusawa. Likitan ya yi murmushi irin na wanda ya saba jin tambayar, ya ce in kwantar da hankalina, addini ya zo da sauƙi, marar lafiya yana iya yin salla a kan kujera. Na ce da tafinta ya gaya masa wannan na san shi tun ba a haife shi ba, shekara talatin na yi ina duba malaman da ke koyar da shi a firamare. Ni ba salla nake nufi ba. Allah Ya yi wa bayinSa rangwame, amma ban taɓa jin inda Inna ta yi wa wani rangwame ba.

Inna ita ce mahaifiyata. A lokacin ta haura tamanin, tana zaune a gidanmu na gado a Zurmi, ni kuwa ina Ƙauran Namoda da iyalina. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita mutuniyar da ce, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta faɗar sunana, ba ta kallon fuskata, ba ta hira da ni. Tun da aka yaye ni aka kai ni sashen kakata, can ƙarshen gida, a nan na girma. In dole ta kama ta yi maganata sai ta ce “mutumin Ƙaura”, kamar wani baƙo da ke kawo mata tallan goro. Abin da ke tsakanina da ita guda ɗaya ne: in zo, in cire takalmi, in durƙusa gwiwa biyu a bakin ƙofar ɗakinta, in gaishe ta. Ita kuma ta juya fuska wajen bango ta ce lahiya lau, madalla, a gai da gida. Minti biyu an gama. Wannan minti biyun shi ne duk rabona da uwata, in aka cire durƙuson ban san abin da zai rage ba.

Gwiwar dama ce ta lalace. Babur ne ya cinye ta, don da ita na yi shekara talatin ina tayar da shi, daga wannan makaranta zuwa waccan, Ƙaura zuwa Shinkafi, Shinkafi zuwa Zurmi, rani da damina. Da aka ba mu sabuwar jiha aka ce za a ba sufetoci mota, har na yi ritaya ban ga tayarta ba. Daga ƙarshe babban ɗana ya gaji da ganina ina tafiya kamar agwagwa, ya ɗauke ni ya kai ni aka fid da tsohuwar aka sa ta ƙarfe.

Da likitan ya gane inda na dosa, sai ya daina murmushi. Ya ce komai yana hannuna cikin mako shida na farko. Kullum in tashi in taka, kullum in lanƙwasa ta ko da ina kuka. In na bar ta ta sandare, to ta sandare ke nan. In ta lanƙwasu, bayan wasu watanni ina iya gwada durƙuso a kan abu mai laushi. Ya ba ni takarda mai zane-zanen wani mutum yana ta murɗa ƙafa, da wani abin dogarawa na ƙarfe mai ƙafa huɗu. Na lissafa a raina, Babbar Salla saura wata huɗu. Na ce ai da sauran lokaci.

Abin da likitan bai sani ba shi ne a garinmu marar lafiya ba na kansa ba ne, na jama'a ne. Tun ban gama sauka daga mota ba 'yan dubiya suka cika zaure. Aka gyara mini ɗakin da ke jikin zauren don maza su riƙa shigowa kai tsaye. Daga hantsi zuwa magariba sallama ba ta yankewa. Mutanen Banga su fita, na Ɗan Isa su shigo, kowa da irin sannunsa.

Ga shi kuma ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa a gari ya zama malami. Mai faci ya san hukunci, mai tireda ya san hukunci. Gwiwata ta zama babi guda a fiƙihu. Wani ya tambaya ko alwala tana inganta da ƙarfe a jiki. Wani ya ce in na mutu sai an cire kafin a rufe ni, wani ya ce a'a, haramun ne a taɓa gawa, suka kaure da gardama a kaina ina kwance ina jin su, kamar an riga an yi mini wanka. Wani tsoho daga Banga ya ja ni da nasiha cewa in damina ta faɗi kada in fita in ana hadari, aradu ƙarfe take bi. Wanda ya fi ba ni haushi wani tsohon malamin kimiyya ne da na taɓa rubuta wa takardar gargaɗi. Ya zo da mayen ƙarfe a aljihu, ya nemi izini, ya ɗora a kan gwiwata, abin ya zame ya faɗi. Ya sake ɗorawa ya sake faɗuwa. Ya dubi jama'a ya girgiza kai ya ce, “Malam, ka yi haƙuri, an cuce ka. Babu ƙarfe a nan.” Wallahi da ƙafar tana ɗaguwa da ita zan raka shi waje.

Kwanakin farko ina ƙoƙari. In na ga an ɗan sarara sai in kama abin dogarawata in fita ƙofar gida, taku goma in dawo. Ran nan ina cikin haka sai ga wani tsohon abokin aikina daga Galadi a kan babur, ya sha hanya, ga zabi biyu ɗaure a baya. Ya gan ni tsaye. Ya kashe babur ya daɗe yana kallona.

“Au! Ashe ma tahiya kake yi? Mu can an ce muna an yanke maka ƙahwa.”

Na ce to ga ni dai, alhamdu lillahi. Ya ce madalla, madalla, amma fuskarsa ba ta ce madalla ba. Ya dubi zabin nan kamar mai shawarar ko ya koma da su. Sai na ji kunya ta kama ni, kamar na yi wa mutum ƙarya ya taso tun daga Galadi. Ai wulaƙanci ne mutum ya zo dubiya ya iske ka kana yawo. Tun daga ranar, da na ji sallama sai in faɗa gado in ja mayafi in shirya fuska. Kuma tun da gaskiya na ce zan faɗa, kwanciyar ta yi mini daɗi. Ga romon zabi, ga fura mai sanyi, ga mutanen da suke gudu in sun ji ƙarar baburina a da, yanzu sun durƙusa suna mini sannu. In na motsa kaɗan su ce, “Kak ka tashi, Malam, kwanta, kwanta!” Ni kuwa in kwanta.

Mako uku aka yi a haka. Wata safiya maiɗakina ta shigo da takardar nan mai zane a hannu. Ita ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa in ta tsaya tana kallona na san akwai magana. Ta ce in zauna a bakin gado in sauke ƙafa. Na zauna. Ta hagu ta sauka, ta dama ta tsaya miƙe a iska kamar taɓarya. Na yi ƙoƙarin in lanƙwasa ta, ko gezau.

Ta ce, “Malam, Salla saura wata uku da 'yan kwanaki. Da wannan sandar za ka shiga gaban Inna?”

Na hango kaina tsaye ƙiƙam a ƙofar ɗakin nan, ina gaishe da uwata daga sama kamar ɗan sanda. Na ce, “Hajiya, yi yadda kika ga dama da ni.”

Ashe jira take. Ta sa aka rubuta a ƙofar zaure cewa likita ya hana ganina kafin azahar. Ta buɗe akwati ta fiddo rawanin da aka naɗa mini ranar walimar ritayata, ta ce in kwanta rubda ciki. Ta ɗaure idon sawuna da rawanin, ta zagaya ta wajen kaina, ta dafe gado da ƙafa ɗaya, ta ja. Jama'a! Na sha faɗuwa a kan babur, kunama ta harbe ni sau biyu, amma ban san akwai irin wannan azaba a duniya ba. Na kira sunan Allah, na kira na Annabi, na ce ta sake ni, na ce na yafe Sallar, na yi mata barazanar da ban taɓa yi mata ba a shekara talatin da biyar na aure. Ta ce, “Ƙirga goma.” Na ƙirga da gudu. Ta ce, “Ba irin ƙirgar 'yan aji ɗaya ba, sake.”

Kwana biyar ana haka, safe da hantsi. A rana ta shida limamin unguwarmu ya yi sallama shi kaɗai, ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye. Ya yi maganar haƙuri a zaman aure, ya kawo aya, ya kawo hadisi. Can ya sassauta murya ya ce maƙwabta suna jin ihu daga gidan nan kowace safiya, kuma muryar ba ta mace ba ce. Ya ce kada in ji nauyi, yanzu zamani ya canza, Shari'a ta kare haƙƙin miji kamar yadda ta kare na mata, in ina so a kira Hajiya a yi sulhu a rufe. Na ce, “Allah gafarta malam, rawani ne.” Ya ce, “Da rawani take dukan naka?” Hajiya tana bayan labule, ina jin yadda take danne dariya har tana tari.

Gwiwa ta fara ba da kai kaɗan-kaɗan. Har na soma zama a kujera ƙafata tana kusan taɓa ƙasa, sai ga kawuna daga Shinkafi. Ƙanen Inna ne, maɗori ne na gado, mutum ne da ya ɗora ƙashin mutane da na shanu ba iyaka, kuma har a lokacin da nake da jikoki “yaro” yake ce mini. Ya shigo da buhu a kafaɗa, bai ko zauna ba ya ce, “Ba wanda ya aiko ni.” Ban tambaye shi ba. Ya zauna ya sha ruwa ya sake cewa ba wanda ya aiko shi. Da ya kwance buhun ya fiddo tsagin gora da tsumma da man shanu, sai na ga man a cikin wani ɗan kwano mai murfi da ya ɗan lotsa a gefe. Na san kwanon nan tun ina yaro, a saman jeren Inna yake zama. Duk tsawon jinyata ba ta aiko da ko sannu ba, kuma ban sa rai ba. Na dubi kwanon nan na kau da kai, don kada Kawu ya ga idona.

Ya yaye mayafi ya ga ɗinki, ya yi salati. “Kai yaro, mi ya kai ka? Muna raye ka kai ƙahwarka ga mutanen da ba su san kakanka ba? Kuma wa ya ce a riƙa motsa ta? Ƙashi in anka taɓa shi kwana arba'in shika yi ba motsi. Wanga kowa ya sani.”

Na shiga tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki. Likita ya ce motsi, Kawu ya ce ba motsi. In na ƙi Kawu, mai kwanon na ƙi. Na miƙa ƙafa. Ya shafe ta da man shanu, ya yi tofi, ya jera gora ya ɗaure ta tamau tun daga cinya har ƙwauri. Hajiya tana tsaye tana kallon aikin kwana goma yana komawa taɓarya. Na ɗauka gobe zai koma. Sai ya ce zai yi mako guda, don ya ga alama gidan nan ba a jin magana.

Allah Ya taimake mu Kawu yana da wani aboki tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a wajen tasha. Kullum in ya yi azahar sai ya tafi can hira, ba ya dawowa sai bayan la'asar. Yana fita Hajiya za ta sa sakata, ta kwance gora, ta ɗauko rawani. Wannan karon ba halin ihu, matashin kai nake cusawa a baki. In an gama ta sake shafa mai, ta jera gora, ta ɗaure. Ni da na yi shekaru ina kama malamai masu satar fita daga aji, ga ni ina gadin ƙofa da kunne ana satar lanƙwasa mini ƙafa. A kwana na huɗu Kawu ya tsuguna yana duba ɗaurin, ya daɗe yana juya ƙullin da yatsa. Ya ce, “Wanga ƙulli ba nawa ba ne.” Ni da Hajiya muka dubi juna. Ya ce, “Nawa bai kai shi kyau ba.” Washegari kuma ya tafi hirarsa tun kafin azahar.

Ranar da zai koma ya kwance gorar a gaban 'yan dubiya, ya kama dugadugina ya tura, gwiwa ta lanƙwashe fiye da rabi. Ya dubi jama'a ya ce, “Kun ga aikin gado. Kwana bakwai kacal.” Aka yi ta kabbara. Da Hajiya ta kawo masa guzuri a zaure, na ji ya ce mata a hankali, “Ɗiyata, abin nan da kike yi in na hita, ci gaba da shi.”

Saura mako biyu Salla na fara gwada durƙuso a kan matashi, ina riƙe da ƙyauren ɗaki. Sauka tana yiwuwa, da cije baki da gumi. Tashi ne babu, sai an kama ni hagu da dama, ni kuwa romon zabi ya riga ya yi aikinsa, na yi nauyi. Ana cikin haka ƙanwata, autar Inna, wadda ke zaune da ita, ta aiko cewa Inna ta ce a gaya wa mutumin Ƙaura ya yi zamansa bana, hanya ba kyau. Hanyar Zurmi kuwa lafiyarta lau. Na ce ko a makara ne sai na je. Hajiya ta ce to a tafi da matashi. Na ce in durƙusa wa uwata a kan matashi, ni sarkin ina ne?

Washegarin Salla muka isa da hantsi. Mazan gidan duk sun fita yawon gaisuwa, direbanmu ma ya sauke mu ya wuce gidan surukansa. Na bar sandar da na koma dogarawa da ita a zaure. Na cire takalmi a inda na saba cirewa. Inna tana zaune a kan tabarma a tsakar ɗakinta, ta ƙanƙance, idonta ya yi fari-fari, da carbi a hannu. Na kama dokin ƙofa na sauke ta hagu. Na ce bismillahi na sauke ta dama a kan daɓe. Wani abu ya tsarga mini tun daga gwiwa har ƙeya, amma ta sauka, ta taɓa ƙasa. Na ce, “Inna, barka da Salla. Mun same ku lahiya?”

Ta juya wajen bango. “Lahiya lau. Madalla. A gai da gida.”

An sallame ni ke nan, saura in tashi. Na dafa ƙasa na yunƙura, ban tashi ba. Na kama ƙofa na sake yunƙurawa, sai da hulata ta faɗi. Hajiya ta kama hannu ɗaya, ƙanwata ta kama ɗaya, suka ja, muka kusa zubewa mu uku a kan Inna. Ƙanwata ta ce, “Yaya, kai ko buhun gero ai sai haka!” Na ce ta rufe mini baki ta nemo maza. Ta fita da gudu ta yi gabas, Hajiya ta yi yamma neman direba. Ni kuma na zame na zauna daɓas, na miƙe ƙafar a cikin ɗakin, rabin jikina a waje.

Tun da na yi wayo ban taɓa zama ni da Inna mu biyu ba. Na rasa inda zan sa idona. Na dubi rufin ɗaki, na dubi jeren kwanoni, na dubi hulata da ta gangara kusa da ita ba halin in ɗauko. Ba abin da ake ji sai ƙarar carbi. Can carbin ya tsaya.

Ta ce da bango, “Wace ƙahwar ce?”

Na ce, “Ta dama, Inna.”

Sai na ji motsin tabarma. Ta jawo jiki a hankali har ta iso, ta lalubo ƙafar, ta ture wandona sama. Ta ɗora yatsunta a kan tabon, ta bi shi tun daga sama har ƙasa, ɗinki bayan ɗinki, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin gero. Hannunta sanyi, ba nauyi.

Ta ce, “Ita ce dai. Ita ce anka hwashe a bakin rijiya, shekarar da anka yi kaciya. Ina tsaye nan bayan ƙyaure ina gani. Jini har ƙasa.” Tafin hannunta yana kan gwiwar. “Tsohuwa ta zo ta ɗauka. Ni ban hito ba.”

Na buɗe baki zan yi magana, ba a ba ni lokaci ba. Muka ji hayaniya a zaure, ƙanwata tana cewa ku yi sauri, yana nan ciki. Kafin su iso Inna ta ja mini wandon ta rufe tabon, ta koma kan tabarmarta, ta ɗauki carbi, ta fuskanci bango. Maza huɗu suka shigo. Ta ce da ƙanwata, “Ku ɗauke mutumin Ƙaura, ya tare mini ƙohwa.”

Suka cicciɓe ni suka tsayar. Ɗaya daga cikinsu ya dubi fuskata ya ga hawaye har gemu, ya ce, “Sannu Malam, lallai gwiwar nan tana ba ka wuya.” Na ce masa e, tana ba ni.